Tantanin Tace Ruwan Ƙazanta: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Zuba Kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, muna roƙon ku ba mu fili a jaridarku mai albarka. Mu wasu 'yan uwa ne Hausawa mazauna Jidda da Makka, masu aiki a tashoshin tace ruwan ƙazanta, waɗansunmu a manyan tashoshi, waɗansu a ƙananan da ke otal-otal da gidajen ma'aikata. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda maganar tantanin tacewa, wanda a wurin aiki ake ce wa mambaren, ta yawaita a bakin mutanenmu, nan da gida. Alhazai da 'yan kasuwa kan zo su ga itatuwa kore shar a tsakiyar titi, a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara. Da an ce musu ruwan masai ne aka tace, sai su koma da niyyar sayen injin su kafa a otal ko asibiti ko majema. Niyyar mai kyau ce, fasahar kuma tana aiki. Amma tantanin ƙaramin ɓangare ne na aikin. Abin da aka jera kafin ruwa ya iso shi, da hannun da ke kula da shi, da inda za a kai dattin da ya tare, su ne ke sa ya yi shekara goma ko ya mutu a wata goma.

Dalilin da ya sa ƙasar nan ta riƙe wannan hanya a fili yake. Ruwan famfon Makka da Ɗa'ifa daga Bahar Maliya yake fitowa, a cire masa gishiri a Shu'aiba a turo shi. Na Madina daga Yanbu. Riyad kuwa babban kason ruwanta daga gaɓar gabas yake zuwa, daga Jubail da Ras Al-Khair, tafiyar fiye da kilomita 400, ga hawa na kusan mita 600. Ruwan da aka sha irin wannan wahala a kansa, asara ce a yi amfani da shi sau ɗaya a zubar. Ga kuma lissafin wuta: lita ɗaya ta ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, alhali ruwan ƙazantar gari yawanci giram 1 zuwa 2 ne. Cire gishirin teku yana cin kilowat-awa 3 zuwa 4 a kowace kubik mita, wato lita 1,000, amma cire na ruwan ƙazantar da aka riga aka gyara bai cika wuce kilowat-awa 1 ba. Mutanen Jidda kuma ba su manta da Tafkin Miski da ke gabas da gari ba, inda motocin tanka, waɗanda a nan ake ce wa wayit, suka yi shekaru suna juye abin da suka kwaso daga bayyara, wato ramin tara ruwan masai na gidaje. Lokacin ambaliyar Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari, hankalin kowa ya tashi don tsoron kada madatsar tafkin ta ɓalle, sai a 2010 aka ƙafar da shi.

Tantanin iri huɗu ne, ana kiransu da gajerun sunayen Turanci MF da UF da NF da RO, daga mai faɗin ido zuwa mafi tsauri, kuma nan ne ake fara yi wa mai saye rufa-rufa. Duk wadda ta taɓa tace ƙullun koko ta san ƙa'idar: gwargwadon ƙanƙantar idon ƙyalle, gwargwadon laushin gasarar, gwargwadon kuma ƙarfin da hannu zai sa da saurin cushewar ƙyallen. Ana auna idon tantani da maikiron, wato ɗaya bisa dubu na milimita. MF yana da ido daga maikiron 0.1 zuwa sama, yana tare laka da ƙwan tsutsar ciki da yawancin bakteriya, da ƙwayar kiriftosforidiyam mai kawo gudawa, wadda girmanta maikiron 4 zuwa 6 ne, kuma kulorin ba ya kashe ta da sauƙi. UF idonsa maikiron 0.01 zuwa 0.1, yana ƙara tare yawancin ƙwayoyin bairos. Waɗannan biyu ba sa buƙatar matsi mai yawa, amma duk abin da ya narke a ruwa wucewa yake yi ta cikinsu salin-alin: gishiri, naitiret, amoniya, ragowar magunguna. NF yana aiki da matsin bar 5 zuwa 15 (bar ma'aunin matsi ne, ɗaya kusan daidai da matsin iskar da ke kewaye da mu), yana tare salfet da kalsiyam da magniziyam da launin rini, amma yana barin kaso mai yawa na gishirin miya. RO ne kaɗai ke tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na gishiri. Shi ba huji ne da shi ba, ruwa ratsawa yake yi ta wani siririn shafe na wata irin roba mai suna foliyamaid wanda kaurinsa bai kai rabin maikiron ba. Saboda haka wanda ya ce zai sayar maka da UF ya cire maka gishirin ruwa, ko bai san kayansa ba, ko yana son kuɗinka ne kawai.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Loeb da Sourirajan ne suka ƙera tantanin RO na farko mai amfani a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelis wajen 1960, kuma a 1978 aka kafa ɗaya daga cikin manyan tashoshin farko na tace ruwan teku da shi a nan Jidda. A maƙwabciyarmu Kuwait, tashar Sulaibiyya da aka buɗe a 2005 ta fara da karɓar kubik mita 375,000 na ruwan ƙazanta a rana, tana bi da shi ta UF sannan RO.

Abin da aka fi kafawa a otal da rukunin gidaje shi ne MBR, tsarin da ke haɗa bakteriya mai cin datti da tantani, wanda ya bazu bayan da Kazuo Yamamoto na Japan ya nuna a 1989 cewa za a iya tsoma tantanin kai tsaye cikin tankin laka. A wannan tsari ba tantanin ne ke cinye datti ba, bakteriyar da ke rayuwa cikin lakar ce ke ci. Aikin tantani shi ne ya hana lakar fita, ya bar ruwa garau ya wuce. Wani tantanin zaruruwa ne masu rami a ciki, kaurin kowane kusan milimita 2, idonsu wajen maikiron 0.04. Wani faranti ne shimfiɗaɗɗe mai ido wajen maikiron 0.4. Famfo yana tsotso ruwa ta cikinsu a hankali, iska kuma tana tasowa daga ƙasa tana kaɗa su don kada laka ta zauna.

Kafin ruwa ya kai nan, sai ya bi ta rariyar ƙarfe mai tare manyan tarkace, ya bi ta ramin yashi da tarkon maiƙo, sannan rariya mai ƙananan huji, milimita 1 zuwa 2 idan tantanin zare ne, milimita 3 idan faranti ne. Muna jaddada cewa huji zagayayye ake so, domin gashi yana miƙewa ya sulale ta tsakanin sanduna ko da tazararsu ƙarama ce. Wannan rariya ita ce abin da aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi kashe tashoshi. Idan ta toshe da dare ruwa ya fara malala, mai tsaro kan buɗe bawul ɗin kewaye don ya huta, ruwa ya wuce ba tacewa. Ba a ganin ɓarnar a ranar. Sai bayan watanni, ranar da aka ɗaga tantanin da ƙugiya, a tarar gashi da zaren tsumma da tishu mai laima sun nannaɗe kawunan zaruruwan sun tufke sun zama igiya, laka ta daskare a tsakaninsu baƙa ƙirin tana wari, iska ba ta da hanyar shiga. Tsefe wannan da hannu ake yi, da ruwa mai sauƙin ƙarfi, kuma duk zaren da ya tsinke ya zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Shawararmu ita ce kada a gina hanyar kewaye sam, a sa rariya biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira.

Maiƙo shi ne abokin gaba na biyu. Wurin da ke da ɗakin girkin shinkafa da nama irin mandi da kabsa, idan ba a kwashe tarkon maiƙonsa kowane mako, kitse yana shafe fuskar tantani, ga kumfa mai kauri ruwan ƙasa da ke cika saman tanki. Baƙin man mota ya fi wannan muni, don bakteriya ba ta iya cinsa da sauri. Ruwan gareji da na wurin wankin mota sai an raba shi da mai tukuna.

Lakar kanta abin kiwo ce. A tsohon tsari ana riƙe giram 2 zuwa 4 na laka a kowace lita, a MBR kuwa giram 8 zuwa 12, shi ya sa tankinsa ƙarami ne. Idan aka yi sakaci da fitar da rarar laka kullum har ta haura giram 15, sai ta yi kauri, iska ta kasa motsa ta, oksijin ya kasa narkewa a cikinta. Ana son oksijin a tankin iska ya tsaya wajen miligiram 2 a lita, kuma a zafin Jidda, inda ruwan kwata ke haura digiri 30, oksijin ba ya narkewa kamar a ƙasashen sanyi, don haka injin hura iskar da aka auna da yanayin Turai yakan gaza a nan. Kafin tankin iska akwai tankin da ba a hura masa iska, ana dawo masa da laka ninki uku zuwa huɗu na ruwan da ke shigowa. A nan ne bakteriya ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta tashi. Tashar da aka cire wa wannan tanki don rage farashi tana fitar da ruwa garau a ido amma cike da naitiret.

Ga misalin awo. A ce rukunin gidaje ne na mutum 500, kowa na zubar da lita 200 a rana, jimilla kubik mita 100, wato wajen lita 4,200 a awa. Kowace murabba'in mita ta tantani ana so ta ba da lita 15 zuwa 25 a awa, a ce 20, ke nan murabba'in mita 210. Sai dai famfon ba ya tsotso ba tsayawa, yakan yi minti 9 ya huta minti 1 iska na kaɗa tantanin. Ruwa kuma ba ya zuwa daidai-wa-daida, bayan Asuba da bayan Isha yakan ninka. Idan babu tankin tara ruwa mai ɗaukar na awa 6 zuwa 8, abin da ake buƙata zai haura murabba'in mita 450. Ɗan kwangilar da ke son farashinsa ya fi na kowa sauƙi zai lissafa da lita 30 ko 35, ya kawo rabin abin da ya dace. Zai yi aiki ranar gwaji, don sabon tantani yana jurewa. Bayan 'yan watanni laka ta matsu cikin idanunsa, matsuwar da wanki ba ya fitarwa. Araha ba ta ado.

Gejin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mai nuna bambancin matsi tsakanin wajen tantani da cikinsa. Lafiyayye yana zama tsakanin bar 0.1 da 0.2. Idan ya doshi 0.4, wanki ya wajaba. Amma ruwa ba ya tsami banza: idan allurar ta hau a hankali cikin makonni, datti ne na al'ada, idan kuwa ta yi tsalle cikin awoyi, a fara duba iska, ko bel ɗin injin ya tsinke, ko bututun ƙasa ya cushe da laka. Dole a haɗa wayar famfon tsotso da ta injin iska ta yadda iska na tsayawa famfo zai mutu. Tsotso ba iska yana liƙe tantani da laka cikin ɗan lokaci kaɗan. Geji na biyu shi ne na gurɓacewar ruwan da ya fita, wanda ya kamata ya zauna ƙasa da 0.2 a ma'aunin duhun ruwa da ake kira NTU. Idan ya tashi, akwai zaren da ya tsinke ko robar haɗi da ke yoyo, kuma ana gano wurin ne ta hanyar tura iska mai sauƙin matsi a cikin tantanin yana nutse cikin ruwa mai tsabta, a ga inda kumfa ke fitowa.

Wanki iri biyu ne. Ƙarami kowane mako, da bilic, wato ruwan kulorin, wanda aka tsarma zuwa miligiram 200 zuwa 500 na kulorin a lita, a tura shi ta baya. Babba sau ɗaya ko biyu a shekara, a jiƙa tantanin awoyi a miligiram 1,000 zuwa 2,000, a ɗauraye sosai, sannan a jiƙa a sitirik asid don ya narkar da ɓawon alli da ƙarfe. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne bilic yana mutuwa a zafi. Durom ɗin da aka rubuta wa kashi 12 cikin ɗari, in ya yi makonni a rana a watan Yuli, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, sai a yi wanki da awo daidai amma babu sakamako. A ajiye shi a inuwa, a saya kaɗan-kaɗan, a auna ƙarfinsa kafin a tsarma.

Otal-otal na Makka suna da tasu matsalar. Gini yakan cika maƙil a Ramadan da lokacin Hajji, sannan ya yi makonni kusan babu kowa. Bakteriya tana mutuwa da yunwa, ranar da baƙi suka dawo kuma babu mai cin dattin. Maganinsa shi ne a kawo lafiyayyar laka daga wata tasha mako biyu zuwa uku kafin cikowa, a ƙara nauyi sannu a hankali. Tantanin da aka daina aiki da shi kuwa kada a bari ya bushe, ko na yini ɗaya. Wanda ya bushe idanunsa ba sa komawa yadda suke.

Ruwan MBR, bayan an sa masa kulorin ko an haska shi da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ya isa shayar da itatuwa da kora masai da wanke titi. Sai in ana son ruwa marar gishiri, na tukunyar masana'anta ko na'urar sanyaya manyan gine-gine, ko kuma in ruwan ƙasa mai gishiri yana kutsawa cikin bututun kwata kamar yadda ake samu a unguwannin da ke kusa da teku, sannan ake ƙara RO. Kowane ƙunshinsa faɗin inci 8 ne, tsawon inci 40, da tantani murabba'in mita 37 a naɗe a ciki, ana jera shida ko bakwai a bututu ɗaya. Ga ruwan ƙazanta, matsin bar 10 zuwa 15 ya isa, kuma ba a so a nemi fiye da lita 17 zuwa 20 a awa daga kowace murabba'in mita.

Kulorin da ke wanke tantanin MBR shi ne ke kashe na RO. Foliyamaid ba ya jure kulorin ko da miligiram 0.1 a lita in ya daɗe, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Alamarta ita ce ruwan da ke fita ya ƙaru, gishirinsa ma ya ƙaru, mai tsaro yana murna inji ya ƙara kuzari alhali shafen ne ya cinye. Ana kashe kulorin da sodiyam metabaisalfait, wajen miligiram 3 ga kowane miligiram 1, kuma a sa na'urar da za ta tsayar da famfo in ta ji ɓurɓushinsa. Kafin babban famfo akwai matacin katirij na maikiron 5, akwai kuma gwajin SDI na minti 15, mai auna saurin da ruwan ke cushe mataci, wanda ake so ya zauna ƙasa da 3. To amma cire kulorin yana buɗe wa yauƙin bakteriya ƙofa, musamman a ruwa mai ɗumi, shi ya sa manyan tashoshin sake amfani da ruwa ke barin kuloramin kaɗan, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, wanda tantanin ya fi jurewa. Ɓawo kuma yana kama ƙunshin ƙarshe ne, inda ruwa ya fi kauri, kuma a ruwan ƙazanta kalsiyam fosfet ne ya fi yawan kawo shi. Ana hana shi da maganin hana ɓawo da ɗan sauke pH (ma'aunin asid da soda a ruwa, wanda ke sauka in an ƙara asid), ko a cire fosfet tun a tankin laka.

Lokacin wanke RO shi ne idan ruwan da yake bayarwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko bambancin matsi tsakanin shiga da fita ya hau da kashi 15. Sai an gyara lissafin da zafin ruwa, domin kowane digiri ɗaya yana ƙara yawan ruwan da ke ratsawa da kusan kashi 3, don haka bazara takan ɓoye toshewa har sai sanyi ya shigo. Yauƙi da maiƙo da kostik soda ake fitar da su a pH 11 zuwa 12, ɓawo da sitirik asid kashi 2 cikin ɗari, kuma galibi da sodar ake farawa. Zafin ruwan wanki kada ya kai digiri 45. In za a kashe inji fiye da kwana biyu, a kora ruwan gishirin da ke ciki, a cika shi da ruwan metabaisalfait kashi 1 cikin ɗari.

Bari mu ɗan ratse kan biron auna gishiri da masu sayar da filtar gida ke yawo da shi a unguwanninmu. Abin da ya narke kawai yake aunawa. Ruwa na iya nuna 30 yana ɗauke da ƙwayar taifod, wani ya nuna 300 lafiyarsa ƙalau. A filtar ƙarƙashin wurin wanke-wanke ma, matacin gawayi ne ke kare tantanin daga kulorin ɗin ruwan famfo, in ba a canja shi wajen kowane wata shida, tantanin ya tafi.

Tambayar da ba a cika yi wa mai sayarwa ba ita ce: abin da aka tare, ina za shi? Tantani ba ya halaka datti, tara shi yake yi wuri ɗaya. RO na ruwan ƙazanta yana ba da kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari. A kashi 75, kowace kubik mita 100 tana barin 25, kuma duk abin da ke cikin ruwan ya ninka kusan sau huɗu: gishirin miligiram 1,500 ya zama wajen 6,000, haka ragowar magunguna da ƙarafa. In aka mayar da shi farkon tasha, gishiri zai yi ta taruwa har ya dami bakteriya. In aka zuba a gona, ƙasa ta mutu. In aka zuba a rami, ya gangara rijiyar maƙwabta. A nesa da teku abin da ya rage shi ne kududdufin shanya mai shimfiɗar roba mai kauri a ƙasa. Kubik mita 25 a rana ya kai 9,000 da 'yan kai a shekara, kuma ko a inda rana ke shanye zurfin mita 2 a shekara, ana buƙatar fili wajen murabba'in mita 4,500, kusan rabin hekta. Wanda ba shi da wannan fili ko wata halastacciyar mafita, a ganinmu bai kamata ya sayi RO ba.

Game da tsarki, tun a 1398 bayan Hijira, wato 1978, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa ruwan ƙazanta in an tace shi har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali, ya tsarkaka, ana iya alwala da wanka da shi, shansa ma ya halatta in babu cutarwa ga lafiya, ko da yake majalisar ta fi son a kauce wa shan in akwai hali. Sharaɗin rashin cutarwa shi ne muke so a riƙe. Bairos da naitiret ba su da launi ko wari. Akwai ma ƙananan sinadarai kamar NDMA da ke ratsa RO kansa, shi ya sa wuraren da ke mayar da irin wannan ruwa ga sha, kamar Singafo tun 2003 da gundumar Orange ta Kalifoniya tun 2008, suke ƙara hasken UV bayan RO, a Orange har da haidirojin feroksaid. A nan Saudiyya, ƙa'idar ban-ruwa marar iyaka, wato wanda aka yarda a shayar da kowace irin shuka da shi, ita ce BOD (ma'aunin dattin da bakteriya ke ci) da laka kada kowanne ya wuce miligiram 10 a lita, ta ban-ruwa mai iyaka, na wasu shuke-shuke kawai, kuma 40. Wannan awo na shuka ne. 'Yan uwanmu masu wankin mota da masu aikin lambun titi su girmama allon da ke cewa ruwan ba na sha ba ne, kada a sha, kada a cika jarka a kai gida.

Ga masu niyyar kafawa a gida Najeriya ko Nijar, ra'ayinmu a bayyane yake. MBR yana cin kilowat-awa 0.6 zuwa sama da 1 a kowace kubik mita, ƙananan ma sun fi haka, kuma ba ya yafe ɗaukewar wuta. Garin da ke da fili da rana amma wutarsa ba tabbas, jerin kududdufan tacewa na gargajiya sun fi masa alheri nesa ba kusa ba. MBR na inda fili ya yi tsada ne kuma akwai wuta dare da rana, kamar asibiti ko otal a tsakiyar birni. Masu jima na Challawa da Sharaɗa a Kano kuwa, ruwansu yana ɗauke da kuromiyam da salfaid da gishiri mai yawa. Sai an raba ruwan jimar kuromiyam daban an kwantar da ƙarfen da magniziyam oksaid ko farar ƙasa a pH 8 zuwa 9, an kuma kashe salfaid da iska, kafin a yi maganar bakteriya, balle tantani. Duk wanda zai sa hannu a kwangila ya fara auna ruwansa a ɗakin gwaji a lokuta daban-daban, ya sa a rubuta masa lita nawa ake nema daga kowace murabba'in mita, da kuɗin canja tantani, wanda ke zuwa bayan shekara 7 zuwa 10 a MBR, 3 zuwa 5 ko ɗan fiye a RO. Ya tabbatar ana samun sinadaran wanki a garinsa, ya kuma sa a horar da mutum biyu aƙalla waɗanda za su riƙa rubuta matsi da yawan ruwa da zafi da kaurin laka a littafi kowace rana.

Malam Edita, akwai magana ɗaya da muke roƙon ku fito da ita fili, domin da yawa daga masu shiga bayyara da tankunan nan 'yan uwanmu ne. Iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya. In ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, in ta haura 700 numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Kada kowa ya sauka sai an hura iska, an zura na'urar awo har ƙasa, an ɗaura masa igiya, akwai kuma mutum tsaye a sama. Bilic da asid kada su haɗu a bokiti ko bututu ko magudana ɗaya, haɗuwarsu na tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Idan wani ya faɗi a cikin rami, kada ɗan uwansa ya bi shi ba tare da tukunyar numfashi ba, don haka ake rasa mutum biyu da uku a rami ɗaya. A kira Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, a 998, ko 911 a yankin Makka da Riyad, motar asibiti kuma 997.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan tashoshin tace ruwa,
Jidda da Makka, Saudiyya.